Kada mu yi wa Allah sanin shanu

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da 'yan'uwana Kirista na ƙasar Hausa a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda da yawa daga cikinmu muka yi wa Allah sanin shanu. Mun san sunansa, mun haddace waƙoƙin yabonsa, ba ma fashin sujada ran Lahadi, amma idan aka tambaye mu yaushe rabonmu da mu keɓe mu buɗe masa cikinmu, sai mu sunkuyar da kai.

Alhali kuwa bangaskiyarmu ta ginu ne a kan cewa Allah ya bayyana kansa domin a san shi. A Bisharar Yahaya 17:3, Yesu ya ce rai madawwami shi ne a san Allah makaɗaici na gaskiya da Almasihun da ya aiko, a sura ta 15 kuma ya faɗa wa almajiransa cewa ba zai ƙara kiransu bayi ba sai abokai, domin bawa bai san abin da ubangidansa yake yi ba. Shi ne kuma ya koya musu su fara addu'a da kiran Allah Ubanmu. Na san wannan kalma tana yi wa maƙwabtanmu Musulmi nauyi a kunne, saboda haka ya kamata in bayyana cewa ba haihuwa ta jiki muke nufi ba, kusanci da amana muke nufi, irin wanda ya sa Wasiƙar Yakubu ta kira Ibrahim abokin Allah.

Ni a wurin kakata na fara ganin wannan. Ba ta iya karatu ba, amma kullum da asuba, kafin ta hura wuta, takan durƙusa a kan tabarmarta a bakin ƙofar ɗaki, ta ambaci jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ta faɗa wa Allah cewa hatsin rumbu ya yi ƙasa, akuyarta kuma ta ƙi cin dusa. Shekarar da ɗanta ya rasu na ji ta tana kuka tana tambayar Allah dalili, ba ta ɓoye masa ɓacin ranta ba, washegari kuma ta koma kan tabarmar nan. Da na girma na karanta Zabura ta 13, inda Dawuda yake tambayar Ubangiji har yaushe zai manta da shi, sai na gane cewa hanyarsu ɗaya. Ayuba ma, bayan duk wahalarsa, ya ce dā labarin Allah yake ji da kunne, amma yanzu idonsa ya gan shi. Hausawa dama sun ce gani ya kori ji.

Wannan ƙishirwa ta sanin Allah ce ta kai wasu daga cikin Isawa, wato wata ƙungiyar Hausawa masu girmama Annabi Isa ta musamman, wurin Likita Miller, Baturen mishan, a Zariya a 1913, suna neman ƙarin sani game da Isa Almasihu, ita ce kuma ta sa aka yi ta fama har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, domin kowa ya ji Maganar Allah da harshen da ya tashi da shi.

Abin da yake damuna a yau shi ne mun fara ba da addu'a kwangila. Mutum ya shiga matsala, sai ya kira wani da ake ce wa mutumin Allah a waya, ya tura masa kuɗi, ya karɓo kwalbar mai, shi kuwa bai buɗe baki ya yi magana da Mahaliccinsa ba. Addu'ar fasto domin tumakinsa abu ne mai kyau, amma ba ta ɗauke wa kowa tasa. Wasu matasanmu kuma sun ɗauka sai da Turanci addu'a take karɓuwa, har suna jin kunyar yin ta da Hausa a gaban jama'a.

Ina roƙon fastocinmu da malaman makarantar Lahadi da iyayenmu na zumuntar mata su riƙa ware lokaci, ko da minti 10 ne a kowane taro, inda za a bar yaro ya karanta aya da kansa, sa'an nan ya yi addu'a da kalmominsa, ba tare da an sa masa magana a baki ba.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya