Malam, ƙananan kifayen bakan gizo na ƙarewa a hannuna

Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aiki, ya kuma fama da wannan zafi? Allah ya saka da alheri bisa ƙoƙarin da kake yi wa manoma da makiyaya a wannan fili. Na san tambayoyin masu kaji da tumaki da tarwaɗa ka fi samu, to yau ga wata uwa daga Gyaɗi-Gyaɗi ta zo da ta kifin ado.

Babban yarona ya tafi bautar ƙasa kudu tun damina, ya bar min amanar akwatin gilashi mai tsawon ƙafa 4 a falo, da kifaye 7 a ciki, maza 3 mata 4. Kifin bakan gizo yake ce musu, irin da ake kira Boesemani. Ya gaya min asalinsu daga tafkunan Ayamaru ne a yankin Papua na ƙasar Indonesiya, sauran danginsu kuma suna Ostareliya da tsibirin Niyu Gini, kuma sai a 1980 masana suka ba wannan nau'in suna. Lokacin da yake zuba kuɗinsa a kansu har faɗa na yi masa, na ce kifin da ba zai shiga miya ba me za a yi da shi? Yanzu kuwa, Allah ya sani, idan na idar da sallar asuba gabansu nake zama da carbina. Da haske ya fara shigowa ta taga sai mazan su buɗe fukafukansu, rabin jiki na gaba ya yi shuɗi har ya nemi komawa baƙi, na baya ya yi ruwan lemo, wani siririn layi mai haske ya riƙa walƙiya a ƙeyarsu yana ɓacewa, suna zagaya matan. Ba na iya kallon wannan ban ce subhanallahi ba.

A manyan ba ni da matsalar gane namiji da mace. Namiji ya fi faɗin ƙirji da tudun baya, kansa ya zama ɗan ƙarami a kan jikin, launinsa a fili. Macen siririya ce, launinta a dushe, cikinta ya fi cika idan tana ɗauke da ƙwai. Yaron ya kuma nuna min cewa suna da fiffike biyu a gadon baya, kuma na gaban idan namiji ya kwantar da shi yakan kai har ya hau kan na bayan, na macen ba ya kaiwa.

Ƙananan ne suka ɗaure min kai. A watan Nuwamba ya koya min ta waya yadda zan haɗa tuntun zaren ulu, irin wanda muke saƙa hular jarirai da shi, in ɗaure a jikin ƙaramar gorar roba ya riƙa reto a ruwa. A ciki suke zuba ƙwai kaɗan-kaɗan kowace safiya. Ƙwan bai kai ƙwayar gero ba, garau yake kamar raɓa, manne da zaren ta wani siririn silili. Nakan cire tuntun in mayar wani ƙaramin akwati, don iyayen cinye ƙwan suke yi, har 'ya'yan ma ba sa bari. Daga wancan zubin 6 ne suka rayu. Yau watansu 5, kowanne bai wuce gaɓa biyu na yatsana ba, kuma dukkansu farare ne kamar azurfa, babu shuɗi babu ruwan lemo. Wani abokin yaron ya zo ya duba ya ce duk mata ne. Shi kuma yaron ya ce a'a, wannan kifin jinkirin girma gare shi, launin namiji yakan ɗauki kusan shekara kafin ya cika. Na sa tabarau, na haska fitilar waya, na yi ta zuba wa fiffiken bayan ido har idona ya yi ruwa, ba sa tsayawa wuri ɗaya balle in gani. Akwai guda biyu da nake ganin kamar bayansu ya fara tudu, ɗaya daga ciki yana korar 'yan'uwansa da safe, kuma gefen wutsiyarsa ya ɗan yi ɗorawa. Malam, wannan ya isa in ce namiji ne? A wata na nawa alamar take fitowa ba tare da shakka ba, kuma wacce ce take fara bayyana, siffar jiki ko launi ko hali?

Abin da ya sa na matsu, ƙaramin akwatin ya fara yi wa guda 6 ɗin nan kaɗan, kuma abokin nan nasa yana son a ba shi wasu. Ina tsoron in ba shi maza zalla su yi ta faɗa, ko in haɗa mace ɗaya da maza biyu su hana ta sakat. Na kuma ji cewa kifi ne mai son zaman garke, ba a so su gaza 6. To in raba su, ko in haƙura in nemi wani akwatin?

Amma abin da yake hana ni barci shi ne zubi na biyu. A farkon Maris na sake sa tuntu, bayan kwana 4 na fara ganin ɗigo biyu baƙaƙe a cikin kowane ƙwai, idanu ke nan, a kwana na 8 suka fara fitowa. Na ƙirga 34. Kowanne kamar gashin ido, suna yawo can saman ruwa, sai na sunkuya na leƙa ta gefe nake ganin su. Na dafa ƙwan kaza na murza gwaiduwa kaɗan na zuba musu, ashe hannuna ya yi yawa. Kafin magariba ruwan ya yi hazo, da asuba yana tsami, na kwashe matattu 12 da cokalin shayi. Ranar kasa karyawa na yi. Laifina ne, na sani. Daga nan na koma daka abincin manyan a ƙaramin turmi in tankaɗe da rariyar laushi, in ɗebo da tsinken ashana sau 4 a rana. Duk da haka kullum sai ɗaya ko biyu sun tafi. Yanzu saura 9.

Yaron ya ce a makon farko bakinsu bai kai ya ɗauki komai ba sai 'yan mitsi-mitsin halittun da ke cikin koren ruwa, waɗanda ido ba ya gani, bayan kamar kwana 10 sannan a shiga ba su 'ya'yan jatan landen da ake ƙyanƙyashewa a ruwan gishiri. Na ajiye bokiti a rana ya yi kore, sai ga tsutsar sauro ta cika shi, ga jikoki a gida, dole na zubar. Jatan landen kuma sai injin hura iska a cikin ruwa ya kwana ya wuni yana aiki, mu kuwa wuta ba ta tsayawa haka. Akwai abin da zan iya haɗawa a kicin ɗina wanda ba zai ɓata ruwa ba?

Sai zafi. An ce ruwansu ya tsaya tsakanin digiri 24 da 28 a ma'aunin zafi na Salshiyos. Lokacin hunturu ya sauka har 20, na lulluɓe akwatin da bargo muka wuce lafiya. Yanzu da azahar 33 nake gani, manyan su taso sama suna haki. Ina sayen ƙanƙara in ƙulle a leda in sa a ciki, amma ina zargin hawa da saukar nan ce take kashe ƙananan. In ci gaba, ko in cire murfin in sa raga don kada su yi tsalle su faɗo, in kuma saita musu 'yar fanka mai caji?

Ruwa kuwa na burtsatse nake saya wajen mai garuwa, irin mai barin farar ƙasa a gindin buta. Yaron ya ce wannan kifin yana son irinsa. Ina canza wa manyan kashi ɗaya cikin huɗu duk Juma'a. Ƙananan ban san sau nawa ba, ga shi ko da siririn tiyo na zuƙa sai na tsinci ɗaya a cikin bokiti.

Ban gaya wa yaron sun koma 9 ba, har yanzu 22 ya sani. Yana kira duk daren Lahadi, kuma bayan gaisuwa su yake fara tambaya. Don Allah Malam, idan da hali a amsa min a shirin wannan makon kafin ya kira. Idan kuma ka san wani likitan dabbobi ko malamin kiwon kifi a nan Kano da ya saba da kifin ado, a faɗa min inda zan same shi, zan ɗauki ruwan a gora in kai masa ya auna.

Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci. Wassalam.

Mai sauraronka a kullum,
wata uwa daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.