Kafin a Sayo Motocin Bas Masu Lantarki, a Faɗa Mana Inda Za Su Sha Caji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan zancen motocin bas masu aiki da lantarki, wanda ya yawaita a bakin mahukunta tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Kowa maganar motar yake yi, kuɗinta da adadin da za a sayo, amma da wuya ka ji wanda ya tsaya ya bayyana inda za ta sha caji, alhali kuwa nan gizo yake saƙar.

Ni ma'aikacin lantarki ne, kuma wata tafiyar ƙaro ilimi ta taɓa kai ni birnin Jeniba na ƙasar Siwizalan, inda na ga tsarin cajin motocin bas da ake kira TOSA, wanda kamfanin ABB ya ƙera, aka gwada shi a 2013, daga baya aka ɗora shi a kan layin bas mai lamba 23 da ke bi ta filin jirgin sama. Motar na tsayawa, sai wani hannun ƙarfe ya miƙe daga rufinta, ya kama wata sanda da ke rataye a saman matsayar kafin ƙiftawar ido. Yayin da fasinjoji ke sauka wasu na hawa, wuta mai ƙarfin kilowat 600 na kwarara cikin batirin na kimanin daƙiƙa 20, sannan hannun ya koma, motar ta tashi. Ba a kowace matsaya ake yin haka ba, kuma a ƙarshen layi motar takan ɗauki 'yan mintoci ta cika cikinta.

Da na zauna na yi lissafi, sai na ga abin da take sha a wannan ɗan tsayi bai wuce yunit uku da 'yan kai ba, irin yunit ɗin da muke saya mu loda a mitar gida. Wutar kaɗan ce, gaggawar zuba ta ce babba. In da kai-tsaye ake jan ta daga layin unguwa, da taransifoma ta ji a jikinta duk lokacin da mota ta tsaya. Shi ya sa a gefen matsayar aka kafa wani akwati da babu fasinjan da ke ko kallonsa, yana tara wuta sannu a hankali kamar randa a ƙarƙashin famfo mai ɗiga, in mota ta iso ya juye mata gaba ɗaya. A ganina wannan akwatin ne ruhin tsarin, domin shi ya ba da damar a rage girman batirin motar, nauyi ya ragu, wurin fasinja ya ƙaru.

Sai dai tsarin yana da sharaɗi mai tsauri. Dole motar ta tsaya daidai ƙarƙashin sandar, kuma dole ta samu wutar a kan kari, tunda ƙaramin batiri ba ya jure rashi. To, a duba matsayar mota a garuruwanmu: 'yan adaidaita sahu sun jera, mai lemo ya kafa baro, direba kuma duk inda aka ɗaga masa hannu nan ne tasha. A ƙara da ɗauke wuta na awanni, da ƙurar hunturu da ke maƙalewa a mahaɗar wuta, da zafin bazara da ke tsufar da batiri tun kwanansa bai ƙare ba.

Akwai wata hanyar. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya mayar da motocinsa na bas sama da 16,000 masu lantarki zuwa ƙarshen 2017, kuma yawancinsu a gareji suke shan caji da dare. Dakar ta Sanagal, wadda yanayinta ya fi kusa da namu, ta fara jigila a 2024 da motoci 121 a kan hanya mai tsawon kusan kilomita 18 da aka keɓe musu, su ma da manyan batura da ake cikawa a gareji. Motar ta fi nauyi, batirin ya fi tsada, amma wuri ɗaya ake tsarewa, kuma ya fi sauƙi a tanadar masa layin wuta na musamman da faifan sola.

Saboda haka ina kira ga wakilanku, ranar da aka gayyace su bikin ƙaddamar da irin waɗannan motoci, su tambayi mai yanka kirtani a ina wurin cajin yake, daga wane layi yake samun wuta, awa nawa ma'ajiyarsa za ta riƙe motocin in an ɗauke, kuma wa aka horar a cikinmu da zai buɗe akwatin ya gyara.

Wassalam,
Wani mai karatunku daga Zariya