Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Umda (Mai Unguwarmu) Kan Hanyar Tafiyar Ƙafa Ta Bakin Teku A Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu dattawan Hausawa mazauna wannan unguwa muna addu'ar Allah ya ƙara wa Umda lafiya da nisan kwana, ya saka masa da alheri kan ɗawainiyar da yake yi da mu.

Ranka ya daɗe, a daren Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, wata gyatuma daga cikin iyayenmu ta fita Kornish, wato wurin shaƙatawa na bakin teku, tare da jikokinta, kasancewar likita ya umarce ta da tafiyar ƙafa saboda ciwon suga. Tana tsakiyar hanyar da aka ware wa masu tafiya a ƙasa, wani yaro a kan sikuta mai caji ya banke ta ta baya, ta faɗi a kan daɓe, ƙashin ƙugunta ya karye. Yaron ko waiwaye bai yi ba. Sai da bayin Allah suka kira motar asibiti, jikokin suna ta kuka a kanta, kuma har yau tana kwance ba ta iya juyawa sai an juya ta. Da muka je wurin masu ba da hayar sikutocin, sai suka ce ba su san wanda ya ɗauka ba, alhali kuɗinsa sun san hanyar karɓa.

Ba mu manta da alherin hukuma ba. A cikinmu akwai waɗanda suka ga lokacin da aka buɗe Nafurar Sarki Fahad, wato famfon nan mai feso ruwan teku sama, a 1985, kuma da aka buɗe sabon ɓangaren gaɓar Bahar Maliya a 2017, mai tsawon fiye da kilomita 4, da wuraren wanka da gadar masu kamun kifi, mun yi murna ƙwarai, domin a zafin Jidda da guminta nan ne talaka yake shan iska ba tare da ya biya ko riyal ɗaya ba. Sai ga shi yanzu tsofaffinmu suna tsoron wurin.

Mun sha yi wa masu gadi magana, mun buga waya, ko bara bayan ƙaramar salla mun kawo takarda, kullum amsar ita ce za a duba.

Muna roƙon Umda, don girman Allah, ya isar da kukanmu inda za a ji. A hana sikuta da keke hawa hanyar masu ƙafa, tunda suna da tasu, a kuma manna wa kowace sikutar haya lambar da za a iya karantawa daga nesa. A daina bai wa ƙananan yara haya. A ƙara kujerun hutawa saboda tsofaffi, a gyara fitilun da suka mutu, a kuma ƙara masu ceto a wuraren wanka a ranakun Juma'a da Asabar, lokacin da yara suke cika ruwa. Fiye da komai, a duba kyamarorin wurin a nemo wanda ya karya mana uwa, a kuma raba sikutocin nan da hanyar mutane.

A shirye muke mu raka Umda wurin a kowane daren da ya zaɓa, ya gani da idonsa. Takardar asibiti tana haɗe da wannan koke.

Wassalam.

Dattawan Hausawan unguwa, a madadin iyalansu.