Jitar bes mai araha ba ta da laifi, saiti ne ba a yi mata

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, Allah Ya ƙara basira. Don Allah ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake sayar wa yaranmu jitar bes ta katako, jitar nan mai tsirkiya huɗu mai sauti mai zurfi, irin mai rami a ciki wadda ake iya kaɗawa ko babu wuta, a miƙa musu ita daga kwali haka nan ba saiti ba bayani, yaro ya kai gida ya yi sati biyu yana fama yatsunsa su yi kanta, daga nan ya jingine ta bayan ƙofa ya ce shi ba shi da baiwa. Alhali baiwar na nan, jitar ce ba a gyara mishi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ɗan maƙocina ne ya kawo mun tashi kwanakin baya wai in taya shi neman mai saye. Yaron nan wata shida ya yi yana tara kuɗi daga aikin gyaran waya kafin ya je wani shago a Kano ya sayo ta. Da na duba wallahi sai da tausayinsa ya kama ni, tsirkiyoyin sun yi sama da wuyan jitar har ƙaramin yatsana na kusan shiga ƙarƙashinsu, ko ni da na yi shekaru ina kaɗawa ba zan iya minti goma da ita ba. Na tambaye shi ko mai shagon ya ba shi alanki, ɗan ƙarfen da ake murza sandar cikin wuyan jita da shi, ya ce an ba shi wani ɗan ƙarfe a leda amma ba a faɗa mishi na mene ne ba.

Kafin in zo kan gyaran bari in faɗi gaskiyar da masu shago ba sa faɗa. Yawancinmu muna sayen wannan jitar ne saboda matsalar wuta, muna ganin ai ba ruwanka da nepa ba ruwanka da janareto. To a ɗaki kai kaɗai ko ku biyu da mai jita ɗaya haka ne, za ka ji ta raɗau. Amma da zarar an buga kalangu ko ganga ko mutum uku sun ɗaga murya shi kenan ta nutse, ko kai mai kaɗawa da ƙyar za ka ji kanka. Ba wai don mai araha ba ce, har masu tsadar haka suke. Tsirkiya mafi kauri wato E tana kaɗawa ne wajen sau 41 a daƙiƙa ɗaya, sauti mai zurfi irin wannan kuma yana son babban ciki da zai tura iska, shi ya sa babban gogen Turawa da ake tsayawa a kaɗa ya kai tsayin mutum. Ko wadda kamfanin Ernie Ball ya fitar a Amurka a 1972 mai suna Earthwood, da ake lissafawa cikin na farko farko, ƙatuwa ce sosai don sun ɗauko fasalin ne daga wata babbar jitar mutanen Meziko. Namu na kasuwa yanzu an rage musu jiki don su yi daɗin riƙo, sautin ma ya ragu tare. Saboda haka duk wanda zai saya ya nemi wadda ke da wurin jona waya zuwa sifika, mai ɗan akwati a gefe da ake sa batir mai volt 9, kuma a gwada ta da amfilifaya a cikin shagon kafin a biya, a kaɗa tsirkiya huɗun ɗaya bayan ɗaya a ji ko ƙarfinsu ya zo daidai, don sau da yawa za ka ji E na ruri G kuma, wato mafi siranta, kamar ba ta nan.

Sai tsayin tsirkiya, daga kai zuwa inda ta zauna a jikin jitar. Akwai mai inci 34 akwai gajeru masu inci 30 zuwa 32, yaro ko mai ƙaramin hannu ya ɗauki gajera ya huta. A shago kuma a ɗaga jitar a leƙa wuyanta daga kai kamar yadda kafinta ke leƙa katako, in ya murɗe gefe a ajiye ta kawai, wannan ba ya gyaruwa da alanki. A duba jakin, wato katakon da aka manna a fuskar jitar inda tsirkiyoyi ke shiga, in takarda na iya shiga ƙarƙashinsa ta baya to ya fara ɗagowa ke nan.

Yanzu ga abin da na yi wa jitar yaron nan, a tsakar gida muka yi shi da rula da sanfefa da alankin da aka ba shi. Na fara saita sautin tsirkiyoyin huɗu, E A D G, da manhajar waya, don ba a auna komai sai tsirkiya na kan ja ɗinta. Sai na sa shi ya danne E a ƙarfen farko cikin ƙananan ƙarafan da aka jera a gicciye kan wuyan jitar, ana ƙirga su daga kai, ni na danne can inda wuya ya haɗu da jiki, muka duba ratar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe na 7 zuwa na 8. Abin da ake so kamar kaurin katin gayyatar biki ne, kusan milimita 0.3, nashi kuwa ya ninka haka sau uku ko fi. A cikin wuyan jita akwai sandar ƙarfe da ke riƙe shi kada tsirkiyoyi su lanƙwasa shi kamar baka, a tashi jitar kan sandar na nan ta cikin rami, nan alanki ke shiga. In ka juya dama wuyan na miƙewa, in ka juya hagu yana saki. Don Allah a nan ne nake roƙon haƙuri, kwata ɗin zagaye kawai ake yi a tsaya a sake saita sauti a bar katako ya zauna, mu sai da muka kwana muka ƙara wani kwatan washegari. In ka ji ya cije kar ka sa ƙarfi, in sandar nan ta karye kuɗin gyaran ya fi kuɗin jitar.

Bayan wuya ya miƙe muka auna a ƙarfe na 12, tsirkiyar E na nan wajen milimita 5, ni kuma na fi son 3 ko ƙasa kaɗan, G kuma wajen 2.5. Wannan sai an rage sirdi, wato farin siririn abin nan da ke zaune cikin jaki wanda tsirkiyoyi ke hawa kansa. Ƙa'idar ita ce in kana son rage milimita 1 a ƙarfe na 12 sai ka ci milimita 2 daga sirdi, domin ƙarfe na 12 shi ne tsakiyar tsirkiya. Daga ƙasa ake ci ba daga sama ba, ka ja layi da fensir, ka shimfiɗa sanfefa a kan gilashi ko tayil mai santsi kana gogawa a hankali, dole gindin ya fito sumul a miƙe saboda a ƙarƙashinsa akwai wata siririyar waya da ke ɗaukar sauti zuwa sifika, in gindin ya karkace wata tsirkiyar za ta mutu. Ba mu ci duka lokaci ɗaya ba, sau uku muna mayarwa muna gwadawa, tunda abin da ka goge ba ya dawowa, kuma dole a bar sirdin ya ɗan fito sama da jaki. Mun tsaya a 3.5 don jakin nashi bai ba da damar wuce haka ba, amma bambancin kamar sama da ƙasa. Ramukan da tsirkiya ke bi a can kai ban taɓa su ba, waɗannan suna son zarto na musamman.

Abin da ya fi damuna kuma shi ne yanayinmu, ba wanda ke maganarsa. Masu ƙera jita suna so damshin iska ya zauna tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa da hunturu a Kano ko Zariya ko Sakkwato yakan sauka ƙasa da kashi 20. Katako ya bushe ya tsuke, bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar hannu, tsirkiya ta sauko tana zizza, wani lokaci fuskar jitar ta tsage. Da damina ta zo ya sha ruwa ya kumbura tsirkiya ta koma sama. Wato saitin da ka yi a Janairu ba shi ne na Agusta ba, sai ka sake dubawa, kuma kar a goge sirdi da yawa da damina don hunturu zai ƙara saukar da shi. Mun saba ganin makaɗa na shanya ganga ko gurmi a rana don fata ta ɗaure, na ga yara suna yi wa jita haka, don Allah a daina, zafi na sassauta gam ɗin da ya riƙe jaki, haka barinta a but ɗin mota ko jingine jikin bangon da rana ke duka. Ni da hunturu nakan jiƙa soso in matse shi sosai in sa a robar sabulu da na huhhuda, in ajiye cikin jakar jitar in zuge. A nan ma mai arahar ta yi mana rana, domin yawancinsu da filawud ake yi, shi kuma ya fi jure bushewa a kan katako guda na masu tsada.

Kirana ga masu shagunan kayan kiɗa, na Sabon Gari da na Jos da Kaduna, aikin nan bai fi awa ɗaya ba ga wanda ya saba, ku koya wa yaro ɗaya a shago ya riƙa yi kafin kaya su fita, ko da za a ƙara ɗan wani abu a kan kuɗin mutane za su biya da daɗin rai. Ku kuma riƙa kawo tsirkiyar canji ta irin wannan jitar, don yanzu in ɗaya ta tsinke sai an yi aike Legas. Matasan kafintocinmu ma ga sana'a nan a ƙasa ba mai ɗauka, na san mutum fiye da biyar a unguwarmu kaɗai da ke da jita a ajiye tana jiran mai gyara.

Shi dai ɗan maƙocina ya fasa sayarwa, yanzu kullum bayan isha'i ina jiyo shi ta katanga yana bitar abin da na koya mishi, mun kuma yi da shi zai kawo ta in sake dubawa idan ruwa ya sauka. Na gode Edita, a gaida ma'aikata.

Naku mai karatu a kullum,
daga Zariya