Bayanin kwamitin gyaran masallaci a kan hawan keken guragu

Assalamu alaikum iyayenmu da ƴan uwa, na nan Tawa da waɗanda ke wurin ci-rani.

Tun da aka kammala aikin ƙofar kudu ta masallacin unguwa, tambaya ɗaya ake ta yi mana, a WhatsApp da bakin masallaci bayan la'asar: ina kuɗin suka shiga, kuma don me aka fasa hawan da aka riga aka zuba aka sake wani? Wanda ya ba da kuɗinsa yana da haƙƙin ya tambaya. Sai dai wasu maganganun sun wuce tambaya, har an ce siminti ya bi dare ya sauka gidajen ƴan kwamiti. Ga yadda abin yake.

Gyaran rufi, fenti da sauya famfunan alwala babu wanda ya yi gardama a kansu. Simintin Malbaza muka saya tun farko har ƙarshe, takardun saye kuma suna hannun ma'aji ga duk mai son dubawa.

Dandamalin masallaci ya ɗara ƙasar waje da santimita 60. Abin da muka shirya da magini na farko shi ne hawan da mai keke zai iya hawa shi kaɗai, ba sai an turo shi ba. Bai jira an zo awo ba, ya zuba mai tsawon mita 3 yana fuskantar hanya. A ido ya yi kyau ƙwarai. Ranar Juma'a kuwa sai da samari biyu suka turo wani dattijo, wajen sauka keken ya kusa ƙwace wa mai riƙon. Allah ya kiyaye.

Wani ɗan unguwa mai koyar da lissafi a kwaleji ne ya auna mana. Ya kawo katako mai tsawon mita 1, ya ɗora baki ɗaya a kan hawan, ya daidaita shi da ma'aunin ruwa na magina har ya kwanta sak, sannan ya auna daga ɗaya bakin zuwa siminti: santimita 20. Ya koma tsakiya, 20. Ya je can sama, 20 ɗin dai. Ya ce katakon da wannan tazarar da bayan hawan, wato samansa da keke ke bi, sun haɗa ƙaramar alwatika mai kusurwa irin ta bango da ƙasa, hawan gaba ɗayansa kuma babbar alwatika ce mai siffa iri ɗaya da ita. Girma ne kawai ya raba su, kusurwoyinsu ɗaya ne. Saboda haka in ka raba tsayi da tsawon ƙasa, amsa ɗaya za ka samu: 60 a kan 300, ko 20 a kan 100. Wato kowace mita keken na hawa santimita 20, kashi 20 cikin 100 ke nan. Ya kuma ja kunnenmu cewa tsawon da ake sa wa a lissafi na ƙasa ne, a kwance, ba na bayan hawan ba.

Ƙa'idar gini ta Faransa ba ta son a wuce kashi 5 cikin 100. A Amurka iyakar ita ce 1 a kan 12, wato kashi 8 da ɗoriya. Namu ya ninka na Faransa sau huɗu.

To, ga masu cewa da mun ƙara masa mita ɗaya ko biyu daga ƙasa an huta: wutsiyar da za a ƙara ita kaɗai za ta kwanta, mita 3 ɗin farko suna nan da tsaurinsu, tunda awo ya nuna ko'ina 20 ne. Ko da an sake zuba shi duka a mita 5, kashi 12 ne, bai shiga ƙa'ida ba. Masu cewa a liɓe sabon a kan tsohon su tuna hanya yake fuskanta. Santimita 60 a kashi 5 na neman mita 12, da mun tare wa amalanke da motoci hanya. Dole aka fasa, aka juya shi ya bi gindin bango: mita 6 ya hau santimita 30, sai fili a kwance inda mutum zai tsaya ya huta ya juya, sai wasu mita 6 su kai shi ƙofa. An kawo shawarar a bi na Amurka, mita 7 da santimita 20 su isa. Mun ƙi, domin yawancin masu hawan nan tsofaffi ne, ga rairayin da iska ke zubawa a kai kullum.

Wajen zubin ma wannan katakon ne ya yi mana alƙalanci. An kafa turaku aka ja igiya, kowace mita sai an ga santimita 5 kafin a ci gaba.

Asarar da aka yi buhu 6 ce ta siminti da kuɗin leburori masu fasawa. Magini na farko ya bar sauran kuɗin aikinsa, ɓaraguzan kuma da su aka yi ciko a ƙarƙashin sabon. Sabon hawan ya ci buhu 22. Ga inda simintin ya shiga, mai shakka ya zo da mitarsa.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu na Abijan, wanda da ya ji an fasa bai tambayi laifin wa ba, sai ya ce a sanar da shi abin da ya rage, ya aiko kafin mako ya zagayo. Allah ya saka masa da gidan aljanna, ya jiƙan mahaifansa. Haka ƴan uwa na Yamai da suka haɗa nasu, da iyayenmu mata masu adashi da suka ɗauki nauyin yashi da tsakuwa, da malamin lissafi da bai karɓi ko dala ba.

Aiki bai ƙare ba. Babu ƙarfen dafawa a gefe, yara sun mai da wurin filin tsere, muna tsoron wani ya faɗo. Sannan ruwan indararo daidai gindin hawan yake zuba. In ba a yi magudana an kai shi waje kafin damina ba, zai ci ƙasar da ke ƙarƙashi, siminti ya tsage. Asusu kuwa babu abin da ya rage ciki sai kuɗin buhu biyu. Mai jikka ɗaya ya kawo, mai buhu ya kawo, maƙerin da zai ba da aikin hannunsa ya ga ma'aji bayan sallar Juma'a. Ƴan ci-rani su aiko ta hanyar da suka saba, za a rubuta sunan kowa da abin da ya bayar.

Wassalam.
Kwamitin gyaran masallaci, Tawa