Wasiƙa zuwa ga Mai Tabarau

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Ayowa ta Amurka? Wata huɗu ke nan shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Ni na yafe, amma Inna ta ce sai ta ji muryarka. Kilishin da na aiko ya iso kuwa, ko ɗan aiken ya yi masa hisabi a jirgi?

Auta ne ya hana ni barci. Wani mai situdiyo ya ba shi takarda ya sa hannu: sunan mutumin zai shiga cikin marubutan kowace waƙa, kuɗi kuma asusunsa za su riƙa faɗawa, wai shi zai adana. Yaron har rawar jiki yake.

Ana cikin haka muka buɗe akwatin faya-fayen marigayi Kawu. Duk ƙura da kashin ɓera. A bangon wani faifai sai ga wani siririn Bature da tabarau mai baƙin kauri, wallahi kai sak ranar da muka shiga aji ɗaya! Buddy Holly sunansa. Na shiga intanet don in samu abin tsokanarka, sai na kai asuba ina karatu.

An haife shi a Lubbock ta jihar Texas a 1936. Asalin sunan gidansu Holley ne, kamfanin Decca ya yi kuskure a takardar kwantiragi ya tsallake harafi ɗaya, shi kuma ya riƙe. Da kansa yake tsara waƙarsa, ya kaɗa jita, ya rera, a zamanin da yawancin mawaƙa sai an rubuta musu. Ƙungiyarsu Crickets, wato gyare, kuma daga nan 'yan Beatles, mawaƙan Ingila, suka samo dabarar ɗaukar sunan ƙwaro. A 1957 "That'll Be the Day" ta kai lamba ɗaya a Amurka da Ingila. Ya ga wata yarinya, Maria Elena, ranar fitarsu ta farko ya nemi aurenta, aka ɗaura a watan Agusta 1958. Kai kuma shekara uku kana jan ƙafa a ƙofar gidan su wance.

To ga inda abin ya taɓa ni. Mai situdiyon da ya ɗauki waƙoƙinsu a garin Clovis, Norman Petty, shi ne manajansu, yana sa sunansa cikin marubuta, kuɗin ma ta hannunsa suke bi. Da suka raba gari a ƙarshen 1958, lissafi ya ƙi warwaruwa. Ga suna ya cika duniya, ga amarya da ciki, ga aljihu wayam. Haka ya shiga rangadin wasa a tsakiyar hunturu, cikin bas ɗin da na'urar ɗumamarta ta mutu, har sanyi ya kama ƙafafun mai gangarsu aka kwantar da shi asibiti.

Bayan wasan garin Clear Lake, nan jiharku, Holly ya gaji, yana son ya yi barci ya wanke kayansa, sai ya ɗauki hayar ƙaramin jirgi, dala 36 kowane mutum. Ritchie Valens, wani mawaƙi ɗan shekara 17, da jefa kwabo ya ci kujerarsa. Waylon Jennings, makaɗin Holly, ya bar wa mawaƙi Big Bopper tasa saboda yana fama da mura. Holly ya tsokani Jennings da fatan bas ɗinsu ta daskare, shi kuma ya rama da fatan jirginsu ya faɗi. Daren 3 ga Fabrairu 1959 jirgin ya faɗi a gona, mintoci kaɗan da tashi, su uku da matuƙi babu wanda ya fita. Shekarar Holly 22. Jennings ya daɗe yana ɗauke da wannan maganar a ransa. Na tuna abin da na ce maka a filin jirgin Kano, na janye, Allah ya sa ba a amsa ba.

Ajali ne, na sani, ko da kuɗinsa a hannu sai ya cika. Amma da na ba Auta labarin, abin da ya tambaya kawai shi ne, "Yaya, lamba ɗaya fa ka ce?" Na ɓoye takardar a ƙarƙashin katifar Inna. Kai yake jin maganarka, don Allah ka kira shi kafin Juma'a.

An ce a bakin hanyar gonar an kafa wani ƙaton tabarau don tunawa da shi. Ka je ka tsaya kusa da shi a ɗauke ka hoto, mu ga wanda ya fi girma.

Af, mai shayinmu ya ƙara aure, kuma har yanzu yana cigiyar bashinka na ƙwai biyu da rabin burodi. Na ce masa ka koma biya da dala.

Naka,
Abokinka na benci na baya