Tauraruwa Mai Wutsiya Ba Alamar Mutuwar Sarki Ba Ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

A 1986 mahaifina ya tashe ni da asuba mu ga tauraruwa mai wutsiya ta Halley. Dishi-dishi muka hango ta, har na ji haushin barcina. Ashe ita ce masanan Sin suka rubuta ganinta tun shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ita ce kuma ta haska sararin Ingila a 1066.

Masu cewa alamar mutuwar sarki ce, su yi haƙuri. Rana take kewayawa, a doguwar hanya mai siffar ƙwai, duk bayan kimanin shekara 76. Edmond Halley, masanin taurarin da aka sa mata sunansa, ya lissafa za ta dawo a 1758, ta kuwa dawo bayan rasuwarsa. Saura dawowarta ta 2061, Allah ya nuna wa jikokina.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku